Karkarwar Motarka da Abin da Littafina Ya Tona

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya kuma sauƙaƙa muku zaman baƙunta. Mu nan lafiya ƙalau muke. Kafin in shiga magana, ina so ka dubi rubutun nan da kyau. Ban sa kowa ya rubuta mini ba. Hannun yayanka ne, wanda ya shekara talatin yana riƙe da sifana a gareji, yau kuma wata bakwai ke nan yana riƙe da alƙalami a ajin manya. Malamarmu ta ce duk ajin babu mai miƙe layi kamata, ni kuwa ban ga dalilin yi mata musu ba.

Dalilin wannan takarda shi ne motarka da ka bar mini amana. Ka tuna na gaya maka a waya cewa ta kama karkarwa, ka ce idan injin ne ya gaji a sayar da ita kowa ya huta. Abin da ban gaya maka ba shi ne yadda lamarin ya tsaya mini a rai. Likita ya ba Inna ranar Alhamis don a cire mata yanar ido, ya kuma ce duk wanda ya saɓa ranarsa sai ya jira wata uku. Asibitin da nisa, ka sani. Da na ɗauke ta gwajin farko, tun kafin mu fita layinmu ta ce in tsaya. Ta ce haƙora shida suka rage mata a duniya, ba za ta zubar da su a cikin motar ɗanta ba, kuma gara ta ci gaba da lalube da ta sake shiga wannan injin niƙa. Motar haya kuwa ka san ba ta shiga, saboda gwiwarta.

Na duƙufa a kan aikin bisa tsari. Na ajiye kofin ruwa a kan bonet, na tayar da inji, sai ga ruwan yana tsalle har yana zuba. Tun da a tsaye take rawar, na san babu ruwan taya. Na duba kujerun inji, wato robobin da yake zaune a kansu, duk lafiya. Na kwance fulogi huɗu na wanke, na duba hanyar mai da ta iska, ban ga komai ba. Amma da zarar motar ta koma silo, wato inji na juyawa a hankali ba a taka mai ba, sitiyari ya dinga kaɗawa ke nan kamar mai zazzaɓi, ga wata ƙara ƙasa-ƙasa daga gefen inji. Kwana uku ina wannan fama. Maƙwabcina mai walda, wanda ba ya raina abin dariya, ya riƙa leƙowa ta kan katanga yana cewa tun da na zama ɗan boko kunnena ya toshe, wai in jawo kujera in karanta wa motar darasin jiya ko za ta natsu. Na ba shi amsa cewa mutumin da sana'arsa ita ce manna ƙarfe da ƙarfe bai kamata ya sa baki a maganar cikin inji ba.

A nan zan ba mai ɗakina haƙƙinta. Tun da na iya rubutu na sayi littafi mai baƙin bango, kowane aiki na yi sai na rubuta shi da kwanan wata. Ran Talata ta kawo mini abinci gareji, ta tarar na zuba wa injin ido. Sai ta ce, ai ni da nake rubuta komai, har ranar da kyanwar gida ta haihu, me zai hana in tambayi littafin ranar da ciwon ya soma? Na ce mata aikin inji ba a yin sa da shawarar masu wucewa. Da ta juya baya na buɗe littafin.

Ƙanena, ga abin da na gani da rubutuna. Ran uku ga wata na sa wa motar sabon bel ɗin taimin, wato bel mai haƙora da ke haɗa juyin sama da na ƙasan inji don su tafi tare. A ƙarƙashinsa na rubuta cewa saura in juya inji sau biyu da hannu in sake ɗame bel ɗin. Babu alamar da nake sa wa aikin da na gama. Ran biyar ga wata kuma na rubuta cewa mota ta fara karkarwa. Sai na tuna: ran ukun nan ne muke da jarrabawar shifta, na ga lokaci ya ƙure, na rufe murfin bel ɗin na wanke hannu na ruga aji, da nufin in dawo in ƙarasa. Na ci jarrabawar, na manta da bel.

Nan take na cire murfin. Da na danna bel ɗin da babban yatsa, sai ya lotsa kamar igiyar shanya. Ya yi sako-sako har ya tsallake haƙori ɗaya, alamomin sama da na ƙasa sun saɓa, shi ya sa wuta ba ta tashi a kan lokacinta, injin yake ta jijjiga. Da ya ƙara tsallake biyu a kan hanyar asibiti, da bawul ɗin cikin injin sun lanƙwashe, da mun tsaya a daji da tsohuwa. Na bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ci. Na daidaita alamomin, na ɗame shi daidai wa daida, domin wanda aka matse fiye da kima shi ma kuka yake yi yana cin boris. Na juya inji sau biyu, na sake dubawa, sannan na tayar. Ruwan kofin nan ko motsi bai yi ba. Na kira mai walda ya gani. Ya tambaye ni wane ɗan koyo ne ya sa bel ɗin tun farko, na ce masa wani babban bakanike ne da karatu ya ɗauke wa hankali.

Ran Alhamis Inna ta shiga da bismilla, hannunta a kan baki. Ba mu yi nisa ba barci ya kwashe ta, sai a ƙofar asibiti na tashe ta. An yi aiki lafiya, alhamdu lillahi. Da aka cire mata bandeji, ta ƙare mini kallo ta ce ashe haka furfura ta cinye mini kai ba wanda ya gaya mata. Daga nan ta ce a kawo mata littafin da ya kama ni. Ba ta iya karatu ba, amma ta sa na nuna mata layin, ta tsaya a kaina har na sa masa alama a gabanta.

Saboda haka kada ka sake ambaton sayar da mota. Injinta lafiyayye ne, laifin nawa ne, na kuma rubuta shi a littafi don kada in musanta.

Inna tana sa maka albarka. Mai ɗakina, da Gwaggo, da Auta duk suna gaishe ka. Ka gaishe mini da maman 'yan biyu, ka shafa mini kan yaran. Amsar wannan takarda kuwa ban yarda da ta waya ba. Ka rubuto, ka ɗan ƙara wa baƙaƙen girma, domin ni zan karanta wa Inna da bakina.

Wassalam. Ni ne yayanka, bakanike, da hannuna.