Gahawa a Turmin Yaji

Baban Zubaida,

Na wuce Zango suna, ban so in tashe ka ba. Na yi maka ɓarna a gahawar nan taka da ba ta hana barci. An ɗauke wuta tun asuba, injin niƙa ya ƙi tashi, sai na daka rabinta a turmin yaji. Da na kurɓa, daddawa da barkono ne suka fara gaishe ni. Ka yi haƙuri.

Sauran tana cikin gwangwani. In an kawo wuta ka niƙa wa Kawu Bature kafin la'asar, tunda ita kaɗai likita ya yarje masa.

Dakakkiyar kuwa kar ka zubar. Inna ta shanye kofi biyu, ta ce sai yau gahawarka ta yi daɗi.

Mardiyya