Ciwon da Kake Ɓoye Mini

Ya Bobbona, sanyin idona, gishirin garin Keana a miyar rayuwata, inuwar mangwaron da nake fakewa idan ranar garin Lafiya ta ƙwalle!

Saƙonka ya iso: wai ka daina sona, in nemi wani. Na yi kuka har idanuna suka kumbura, sannan na share hawaye na zauna ina tunani. Bobbo, ni za ka yi wa wayo? Ni da ke gane tarinka a tsakiyar hayaniyar kasuwa?

In da gaske mun rabu, me ya sa har yau Innarka ke aiko mini da kindirmo da man shanu daga Akurba? Wace uwa ce ke kiwon yarinyar da ɗanta ya yar? Me ya sa ka jingine babur ɗinka, kai da ko masallacin unguwa za ka, sai ka hau shi? Ka tuna yammacin da muke hira a ƙofar gidanmu, ka dafe kai, idonka na hagu ya rufe, ka ce rana ce, alhali hadari ya rufe gari? Na yi shiru don kada in ba ka kunya, ba don na yarda ba.

Jiya kuma ƙawata Wandoo, ma'aikaciyar jinya, ta ce ƙanwarka Juwairiya ta tare ta da tambaya, wai don wani take yi: idan jijiyar jini ta kumbura a ƙwaƙwalwa, likitoci suka ce za su yi aiki da hasken leza, mutum yana tashi? Wane ne wannan wanin, masoyina? Wa Juwairiya take da shi da har muryarta za ta yi rawa?

Na san tarbiyyar gidanku, ba a cewa wayyo. Wato ka gwammace in tsane ka da in yi kukan rashinka! Wa ya ba ka izinin zaɓar mini? Shi kansa hasken lezan ban yarda da shi ba. Ya san inda nake zaune a cikin kan nan naka, da zai shiga babu sallama?

Allah ya sa zargina ƙarya ne. In gaskiya ne, ranar aikin ina bakin ƙofa, ko an kira ni ko ba a kira ni ba. Kana son rabuwa da ni? To, sai ka farka, ka dubi idona, ka faɗa da bakinka.

Taka, ko ka so ko ka ƙi, muddin ina numfashi,
Ikilima