Sati Biyun da Ka Ƙara

Ranar Litinin

Zuwa ga maigidana, Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin rana a wurin gadar taku? Ina fata tarin da ka tafi da shi ya sake ka. Ni da Baƙon da ke cikina muna nan lafiya, sai dai ƙafafuna sun kumbura har silifas ɗinka na wanka nake sawa in je awo.

To, gaisuwa ta ƙare, saura magana. Direban da ke kai muku kayan abinci ya kawo min wasiƙarka jiya, sai da na karanta sau uku don na ɗauka idona ne. Ka rubuto da murnarka wai an ba ka hutu, za ka iso ashirin da huɗu ga watan gobe. Ashirin da huɗu! Bawan Allah, tare muka zauna gaban ungozoma, a kan idonka ta rubuta goma ga wata a katina, har ka ciro biro ka kwafa a tafin hannunka. Daga goma zuwa ashirin da huɗu, ina ka samo sati biyun nan? Da a ce akwai sabis a dajin naku, wallahi da kunnenka ya yi zafi tun jiya.

Zan ɗauka kuskuren rubutu ne, don na san ka da gaggawa in kana rubutu a kan gwiwa. Amma bari in tuna maka. Tun cikin nan yana wata biyar Yaya ta ce in taho wurinta in haihu, tunda ba mu da uwa sai ita. Kai ka hana. Ka dafa ƙirji ka ce haihuwarka ta fari ba za a yi ta a bayan idonka ba, kai za ka riƙe jaka, kai za ka tsaya a ƙofa. Na yarda da kai, na ba Yaya haƙuri, har yau tana min gori.

Gadon jaririn da ka fara haɗawa yana nan jingine da bango da ƙafa uku. Na juye ɗakin nan kaf ban ga ledar notunan ba, ka laluba aljihun wandonka na aiki. Sau biyu ina tuntuɓe da shi. Malamar nan ta ƙasa kuma, mai ritaya, ta sake hawowa jiya wai shanyata tana ɗiga mata a baranda. Kayan jariri ne fa, ƙananan riguna da ba su kai tafin hannu ba, ruwan da ke jikinsu bai cika kofi ba. Na ce mata ta kai ƙara inda take so.

Ka gyara ranar nan ka aiko min da amsa ta hannun direba. Ka gaida abokan aiki.

Matarka,
Barkono, kamar yadda kake kirana

Ranar Laraba

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kana cin abinci a kan lokaci. Na ji daɗi da tarin ya tafi. Abin da na ji daɗinsa ke nan kaɗai a wasiƙarka.

Ashe ba kuskure ba ne! Ashe lissafi ne ka zauna ka buga! Wai shekara goma sha ɗaya kana aikin gini ba ka taɓa ganin abin da ya iso ranar da aka sa masa ba, siminti ne, rodi ne, yashi ne. Wai duk ranar da aka ba ka sai ka ɗora mata sati biyu, kuma wannan dabara ba ta taɓa ba ka kunya ba. Kai jama'a! Ni ce motar siminti? Ɗan naka ɗan kwangila ne da zai tsaya a hanya yana cewa taya ta fashe? Na yi dariya, sai ga hawaye, kuma ba na daɗi ba ne.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ƙarshen shafin, inda ka ɓoye maganar cikin ƙananan rubutu. Hutunka na asali shida ga wata ya faɗa. Shida! Allah ya daidaita maka abu ba wahala, kai da hannunka ka yi musaya da mai waldarku, don ya ce maka 'ya'yansa biyar kuma ɗan fari ba ya zuwa da wuri. Ka tambaye shi ko ɗaya daga cikin biyar ɗin shi ya yi naƙudarsa? Kuma ba ka tsaya ka tambayi kanka me ya sa mai ba ka shawara shi ne mai son hutun naka ba? Kai da ba a cutarka da buhu ɗaya a wurin aiki, an yi maka wayo da rana tsaka kana godiya.

Na san abin da za ka ce, wai ba ka so hutun ya ƙare kana zaune kana kallon cikina, ka fi so ka same shi a hannu. To ni ba don ka yi wasa da jariri nake nemanka ba. Ni nake nemanka.

Jiya na je awo. Bencin nan na ƙofa cike da maza, kowa rungume da jakar matarsa, wani har da fifita. Ni na rataya tawa, na riƙe kati a baki ina neman wurin zama. Ungozoma ta auna ni sau biyu, ta ɓata fuska. Ta ce jinina ya ɗan hau, amma kuma bai ishe ni ba, ta ce kan yaro ya riga ya sauko, kada in yi mamaki in bai jira goma ga watan ba. Na tambaye ta ko in tafi wurin Yaya, ta ce tafiyar yini guda a mota yanzu ko da wasa kar in fara. Ka ga inda ka ajiye ni: can ba zuwa, nan ba kowa. Yaya kuma ka san da goyo take, ga surukarta kwance, ba ta da halin motsi.

Sannan ta ba ni takarda in kawo sunan wanda zai tsaya min ranar, wanda za a iya ɗibar jininsa in an buƙata. Ka tuna sun gwada naka tun farko suka ce ya yi daidai da nawa, kana ta fankama wai ko a jini ma mun dace? To jinin yana can kan gada yana shan rana.

Ba na jin tsoron ciwo, ko in ce ina ji amma da sauƙi. Abin da nake tsoro shi ne abin ya zo min ina ni kaɗai a hawa na uku, ga matakala arba'in da biyu. Na ƙirga su, kullum ina ƙirga su. Ka je wurin manajanku ka buɗe baki ka yi magana, ba a fafe gora ranar tafiya.

Matarka da ke fushi,
Barkono

Ranar Asabar

Maigida,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki, ya aiki? Mu dai ga mu nan.

Na ga amsarka. Mai walda ya riga ya soke hutunka a aljihu ya ƙi mayarwa, manaja kuma ya ce daga ɗaya ga wata za ku fara zuba kankaren saman gada, in an fara ba a tsayawa, kuma kai ne mai kula da masu zubin. Ka ce za ka yi ƙoƙari ka tsere sha bakwai ga wata. Na gode da rangwame. Sai in sanar da Baƙo an rage masa sati ɗaya, ya yi haƙuri ya gyara zama.

Na ga wurin da biro ya huda takarda, na san ranka a ɓace yake, na san kuma ka gane ka yi wauta ko da ba ka rubuta ba. Amma nadamarka ba za ta sauko da ni daga bene ba. Don haka shekaranjiya na haɗiye girman kaina, na sauka na ƙwanƙwasa ƙofar Malama. Ka san abin da wannan ya ci min. Ta buɗe tana kallona ta saman tabarau kamar na zo makaranta a makare. Na shirya magana mai tsawo tun daga sama, amma ina buɗe baki sai kuka. Ni! A gaban matar da na ce ta kai ƙara inda take so! Wannan ma yana cikin abin da zan daɗe ban yafe maka ba.

Ba ta ce min sannu ba. Ta karɓi takardar asibiti, ta karanta har ƙasa, ta rubuta sunanta da irin rubutun allo, ta ce maza duk hankalinsu a wurin aiki suke barinsa. Jiya ta hawo da sifanar marigayi mijinta da gwangwanin tsofaffin notuna, ta zauna a ƙasa ta ɗaura wa gadon ƙafa ta huɗu, tana yi tana mitar wanda ya fara aikin. Ban kare ka ba. Ta sa na haɗa jaka na ajiye a bakin ƙofa, ta zazzage ta ta sake shiryawa wai ban iya ba. Mun yi da ita in abu ya taso in buga ƙasa da kujera sau uku, silin ɗinta ne, za ta ji. Har yanzu tana maganar shanya, amma yanzu ita take kwashe min.

Ba na iya sunkuyawa, ba na iya kwanciya ta kowane gefe, numfashi ma sai na yi ciniki da shi. Yana motsi sosai in na sa ruwa a wuta, ban san me ya haɗa shi da butar shayi ba. Irin abin da nake so in juya in gaya maka ke nan, sai in ga kujerarka ba kowa.

Ka kula da kanka a saman gadar nan, ka ɗaura igiyarka. Ina fushi da kai, amma da ranka nake son in yi fushin.

Taka,
Barkono

Ranar Juma'a, daga asibiti

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yi, ga allurar ƙarin ruwa a hannuna. Malama ce za ta tare direba ta ba shi.

Baƙuwa ce. Ta zo shekaranjiya, uku ga wata, bayan la'asar. Tana lafiya.

Da hantsi ina wanke kofi ruwa ya fashe. Na buga kujera, ban kai na uku ba Malama tana ƙofa da mayafinta a hannu. Matakalar nan a kafaɗarta na sauke su, tsohuwa mai ciwon gwiwa, muna yi muna hutawa. Ba zan ba ka labarin naƙuda ba, ba ka da ma'aunin da za ka auna shi. Abu ɗaya zan faɗa: na kira ka. Da ƙarfi, a gaban mutane, har ungozoma ta leƙa waje ta tambaya ko mijin ya iso. Sau biyu tana leƙawa.

Bayan ta fito, jini ya ƙi tsayawa. Ina jin su sama-sama suna cewa a kawo mai ba da jini. Malama ta miƙa hannu, suka ce shekarunta sun wuce, ga ciwon suga. An ce min sai ta fita ta tsaya gaban bencin mazan nan, ta ɗaga murya irin ta aji, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana tambayar kowa irin jininsa, har aka samu wani bawan Allah da ya kawo matarsa awo. Ya ajiye jakar matar ya bi su. Ban ga fuskarsa ba, kafin in farfaɗo ya tafi. Jinin mijin wata ne yake yawo a jikina yanzu, Injiniya. Ka zauna ka buga lissafin wannan.

Likita ya ce da an ƙara rabin awa da wani labarin ake yi. Na rubuta maka ne don ka sani, ba don in tsorata ka ba, na gaji da yawa ban da ƙarfin tsorata kowa. Da na buɗe ido na ga Malama ce rungume da jaririyar, na ji daɗi, na kuma ji haushinka. Wurinka ne ta tsaya a kai. In yarinyar nan ta girma ta tambaye ni wa ya fara ɗaukarta, ba zan yi mata ƙarya don in rufa maka asiri ba.

Na san kana karantawa kana neman layin da zan ce da wa ta yi kama, ko tana da gashi, nauyinta nawa, hancin wa ta ɗauko. Kada ka wahalar da idonka, babu shi. Na hana Malama faɗa wa direba, na hana a ɗauke ta hoto. Duk abin da ya same ni tun tafiyarka a takarda ka same shi, kana zaune a inuwa kana juya shafi. Wannan kam ba za ta zo maka a ambulan ba. Mai son ya san fuskar 'yarsa, ya tako da ƙafarsa ya gani.

Ka gaida manaja. Mai walda kuma kada ka gaishe shi.

Matarka,
Barkono, uwar yarinya