Kajina da Marisuwa

Litinin, 5 ga Mayu, 2025
Kaji uku na tarar a mace a keji da safe, zankonsu ya yi shuɗi. Shekara goma sha ɗaya ina sayar da kaji a kasuwar Agege, ban taɓa ganin irin wannan launin ba. Isiyaku mai kawo mini su ya ce zafin mota ne. Wai, “Hajiya Furera, yanka sauran ki sayar kafin azahar, wa zai sani?” Ban yanka ba, ban kuma sayar ba. Na dai ja kejin gefe.

Talata, 6 ga Mayu
Biyar yau.

Laraba, 7 ga Mayu
Ina ba 'yata Muhsina labari, sai surukata Iyatu ta ajiye kofin kokonta ta ce, “Marisuwa.” Na ce Inna, mece ce haka? Ashe wata mura ce da aka yi tun mahaifiyarta tana yarinya a Zariya. Ta ce mutum zai kai gawa da safe, da la'asar a kai shi. Gidansu mutum tara ne, uku suka rage. Wai har likkafani ya ƙare a gari, aka koma tabarma.

Muhsina, da yake makarantar koyon aikin lafiya take, ta duba waya. 1918 ne. Jirgin ruwa ya sauke ta a nan Legas, jirgin ƙasa ya kai ta Arewa. Wannan layin dogon da nake tsallakawa kullum da bokitina! Na tambaye ta sau ɗaya aka yi? Ta ce a'a, an yi a 1957, an yi a 1968, sai ta 2009 da aka kira murar aladu. Ta 2009 ina goyon ita Muhsinar, amma ban tuna komai ba. Ina hankalina yake a lokacin?

Alhamis, 8 ga Mayu
Iya Kehinde mai tattasai, maƙwabciyata a kasuwa, ta ce su Yarbawa lukuluku kakanninsu suka kira waccan annobar, kuma sunan da suke kiran ciwon kaji ke nan har yau. Me ya haɗa kaza da mutum?

Muhsina ta ce daga tsuntsaye irin wannan murar takan taso. Da wuya ta kama mutum, amma ƙwayar tana canja kama, ba wanda ya san ranar da za ta iya yawo tsakanin mutane. “Umma, ku masu figa da hannu ku ne a gaba.” Na ce ta rufe mini baki. Ta ce in kira likitan dabbobi. In na kira, ƙila su rufe layinmu na masu kaji gaba ɗaya, mu goma sha huɗu, kowa da bakunan da yake ciyarwa.

Juma'a, 9 ga Mayu
Na tashi da atishawa. Iyatu ta kawo mini ruwan citta, na ce ta ajiye a bakin ƙofa. Ta tsaya tana kallona. Bayan fitarta na kira lambar likitan dabbobi da Muhsina ta samo mini.

Asabar, 10 ga Mayu
Sun zo su biyu da fararen kaya har fuska, suka kwashe kajin duka, suka yi feshi. Kasuwa ta taru kamar ana dambe. Isiyaku ya ce na tona masa asiri. Ba wanda ya amsa sallamata a layi sai Iya Kehinde.

Alhamis, 15 ga Mayu
Sakamako ya fito. Ba murar tsuntsaye ba ce, ciwon kaji ne da aka saba, ba ya kashe mutum. Atishawata ma ta wuce. Yanzu “Oga Dakta” suke kirana, ana dariya. Na tambayi matar da ta bugo mini waya, da murar tsuntsayen ce fa? Ta ce da ni ce farkon wadda za su gwada, sannan mutanen gidana.

Litinin, 19 ga Mayu
Sababbin kaji ashirin, daga wani mutumin unguwar Iyana Ipaja. Sai da na ɗaga kowace na duba idonta kafin ya sauke. Na sayo safar hannu ta roba, saboda ruwan zafi yana ɓata mini fata ne kawai. Lambar matar nan tana wayata, ban samu lokacin gogewa ba.