Bawan da ya faɗa kwarmin ruwa

Unguwar Faisal, Alƙahira

Zuwa ga Innata Hawwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikinki, yaya ƙafar? Ina fata kin samu maganin da na aiko ta hannun matar ɗan'uwana Tarig. Ki gaida mini duk na gida a can Gadarif.

Inna, Allah ya yi, na samu aiki, kuma ba za ki yarda da inda na samu ba. A Dar al-Fanus ne, studiyon da kike cewa Kaka Jibrin ya yi fim a cikinsa kafin ya rasu. Ina sashen tufafi, ina ɗinki da guga a ƙarƙashin wata Bamisriya mai suna Israa. Tana da faɗa amma ba ta da mugunta.

Na san abin da za ki tambaya, tunda hoton Kaka ɗaya tilo ya ƙone da gidanmu na Omdurman. Na bincika. Wani Osama mai kula da tsofaffin finafinai ya zaunar da ni ya yi mini bayani har kaina ya yi zafi. Wai wani attajirin auduga ne ya gina wurin tun zamanin sarki, daga baya gwamnati ta karɓe, sannan aka sayar. Yanzu an yanyanka shi kamar naman layya. Ginin na wani babban kamfani ne, masu shirya wasannin talabijin da nake wa aiki reshensa ne, tsofaffin finafinan kuwa an sayar wa wani kamfani a ƙasashen Gulf. Shi kansa Osama albashinsa daga can yake zuwa.

Ban gaya masa dalilin tambayata ba, na ce sha'awa ce kawai. Ya ce za a yi bikin tunawa da kafa studiyon, za a nuna wa ma'aikata wasu tsofaffi da aka gyara. Ki taya ni addu'a.

'Yarki,
Awadiyya

Faisal, Alƙahira

Innata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki. Ki yafe mini shirun da na yi. Saƙonki na murya ya iso, na ji kina tambaya ko na ga Babanki. Na kasa amsawa da baki, shi ya sa na ɗauki biro.

Na gan shi, Inna.

An tara mu a babban zaure, aka sa wani fim na barkwanci marar launi. Ana cikin liyafa a gidan wani Basha mai sarauta sai ga wani bawa baƙi dogo, an sa masa jar hula da ta yi masa kaɗan, yana ɗauke da faranti cike da kofuna. Ya zazzaro idanu, ya yi tuntuɓe, ya faɗa kwarmin ruwan da ke tsakar gida. Maigidan ya bi shi da sanda. Zaure ya kaure da dariya. Ni ma na yi, Inna. Na yi har da dukan cinya, don kowa na yi, kuma ina so su ga ni ma tasu ce.

Sai bawan ya miƙe, ruwa na zuba daga rigarsa, ya fara surutu yana ɗaga hannuwa. Su a wajensu yaren daji ne marar ma'ana, shi ne ma abin dariyar. Ni kuwa kunnena ya tsinci Hausa, tsantsarta, irin ta tsofaffin garin Mai Wurno. Na dubi goshinsa da tazarar haƙoransa, sai na ga kamanninki.

Da aka kunna fitila Israa ta dafa ni tana share hawayen dariya, ta ce, “Wallahi kamar ɗan'uwanki! Kin gane abin da yake faɗa?” Mata biyar suna kallona. Na ce ban gane ba, ba yarenmu ba ne, ban san irin mutanen nan ba.

Haka na faɗa. Tun ina yarinya nake jin ki kina cewa mahaifinki ɗan fim ne a Masar, ina zaton mai kwat ne da mota. Da na gan shi a jiƙe ana dukansa, kunya ta rufe ni. A cikin ƙaramar bas ina komawa gida wata kunyar ta zo ta danne ta farko, har yau ba ta ɗaga ni ba. Mutumin da ya bar ƙasarsa ya zo ya sha sanda don ku ci abinci, ni na tsaya a inda ya tsaya na ce ban san shi ba.

Ban san yadda zan dube ki ba.

Awadiyya

Faisal, Alƙahira

Inna abar ƙaunata,

Ina gaisuwa, ina fata kin tashi lafiya. Amsarki ta iso. Ba ki yi mini faɗa ba, kika ce kawai, “To me ya ce?” Da kin zage ni da ya fi mini sauƙi, don dariya ta hana ni jin rabin maganar.

Na koma wajen Osama na gaya masa gaskiya. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, shi ba shi da ikon ba ni ko daƙiƙa ɗaya, fim ɗin ba na studiyon ba ne yanzu. Sai dai reshenmu ya rubuta wa uwar kamfani, ita kuma ta roƙi na Gulf, kuma dole shugabar sashena ta sa hannu. Wato Israa.

Na same ta a ɗakin guga, sauran matan na nan. Na ce mata ƙarya na yi, bawan nan kakana ne, sunansa Jibrin, kuma na ji yarensa sarai. Ban ɗaga kai ba. Israa ta ajiye abin gugar, ta ce, “Yalla, mu je wajen Osama.”

A ɗan ɗakinsa ya maimaita mana wurin ba tare da hayaniyar zaure ba, ina fassara musu. Ga abin da Babanki ya faɗa, Basha na dukansa:

“Kulu, 'yar Baba, ki daina kuka. Waɗannan ba su san me nake cewa ba. Ki gaida innarki, ki ce ina nan lafiya, sandar ma ta kwali ce. Da damina zan zo.”

Israa ta tashi ta fita. Washegari ta sa hannu, ta ƙara da roƙon a rubuta sunansa a fim ɗin, don ashe babu shi ko'ina. Wannan ba su amsa ba tukuna. Guntun fim ɗin dai sun yarda, Osama ya tura mini a waya jiya.

Inna, sai da na yi tunanin in cire hoton in aiko miki muryar kaɗai, don kada ki ga hular da sandar. Na fara yi ma, sai na gane kunyar nan ce ta sake dawowa da wata riga. Na tura wa Tarig shi duka, yadda yake. Ki sa ya zauna kusa da ke in za ki kalla.

Na san damina ta zo shi kuwa bai zo ba, kuma kina ƙarama sosai lokacin. Saƙon ya daɗe a hanya, kuma saura kaɗan ya maƙale a hannuna. Ki yafe mini.

Abu ɗaya nake so ki gaya mini in kin samu natsuwa. Duk tsawon rayuwata ban taɓa jin wani ya kira ki Kulu ba. Shi kaɗai ne yake kiranki haka?

'Yarki mai neman gafararki,
Awadiyya