Kar Ki Zuba Yis ɗin Kanti

Yaya Rifkatu,

Na fita lakca kina barci. Ma'alish da ɗaga miki murya da na yi jiya.

Burukutun nan har yanzu bai motsa ba. Da safe na kara kunnena a jikin robar, shiru, ko ɗigon kumfa babu. Na ga fakitin yis ɗin burodin da kika sayo a kan tebur. Kin ce shi ba ya ba da kunya, zai tashi kafin Kirsimeti, kuma Baba ba zai gane ba. Zai gane, Yaya. Tun kafin a haife mu yake shan na hannun Mama.

Yis ɗin da na zuba shi ne ragowar wanda Mama ta shanya a Zuru kafin ta rasu. Na kakkaɓe ƙullin tsumman da yake ciki kaf. In kika haɗa shi da na kanti, na kantin zai danne shi, daga nan khalas, ba mu da inda za mu sake samo ɗanɗanonta.

Na karanta cewa sanyi ba ya kashe yis, barci kawai yake sa shi. Na naɗe robar da bargona, tana bayan firji inda akwai ɗumi. Don Allah kar ki buɗe ta.

Ki ba ni zuwa gobe. In bai farka ba, ni da kaina zan zuba naki. Ki dai bari in gama kukana tukuna.

Abel