Kwalaben Ruwan Surko

Birnin Kudu, Maris 1975

Ƙanena Iliyasu,

"Yaya, bar mini bayanin da za a aika wa 'yan jarida, har daga Kaduna za su zo Surko da gudu." Kai ka faɗa, a zauren Baba, ranar sunan 'yarka. Bayan haka, ina gaisuwa, da fatan iyali lafiya.

Ambulan ɗinka ya iso. Na ce ka bayyana cewa mutanen Surko ruwan kududdufi suke sha, kurkunu yana kwantar da manoma kowace damina, suna neman rijiya. Amma ka cika takarda da kirarin 'yan kwamitin neman rijiyar, kurkunun kuwa sai can ƙarshe, kamar wanda ya zo cin arziki.

Hoton fa? Mata cikin kayan Sallah, da sarƙa da lalle! Mero, wadda ƙafarta ke ruɓewa, ta rufe ta da sabuwar atamfa tana murmushi. Wane edita zai ga wannan ya ce suna da damuwa?

Yayarka,
Safiyatu

Gwaram, Afrilu 1975

Yaya Malama,

Gaisuwa da ladabi. A yi haƙuri, ba laifina kaɗai ba ne. Da matan suka ji za a ɗau hoto, kowacce ta ruga aron zane. Mero ta ce surukanta ba za su gan ta a jarida da tsumma ba.

Kuma ɗan jarida ɗaya ya zo. Mai gari ya aika da keke har Birnin Kudu aka ɗebo masa ruwan famfo, don ba a ba baƙo abin kunya. Ya sha, ya ci kaza, ya rubuta cewa Surko gari ne mai albarka.

Allah Ya huci zuciyarki.
Iliyasu

Birnin Kudu, Afrilu 1975

Iliyasu,

Na amsa gaisuwa. Na karanta "gari mai albarka", har na ajiye don tarihi.

Na je Surko da kaina. Na ce wa Mero ko dai surukanta su ga ƙafar a jarida, ko su zo mata dubiya bayan an yanke. Sai ta ɗage zanen.

Ga yadda za a yi: takarda ɗaya, kurkunu a layin farko. Hoton ƙafa, ban da fuska. Kowane edita kuma a haɗa masa da kwalabar ruwan kududdufin, a rubuta a jiki: "Ranka ya daɗe, bismillah."

Kwalaben suna ɗakina, har sun fara gansakuka. Hadari ya soma haɗuwa. Ka zo da kyamararka da tafiretarka kafin Juma'a. In ba ka zo ba, Asabar zan hau mota zuwa Kano da kwalabe a kwando, da Mero a gefena, ta ɗora ƙafar a kan teburin edita.

Kwalaba guda kuwa taka ce. Zan biyo da ita Gwaram, ka sha a gaban matarka.

Ka gaida yara.
Safiyatu